Gudu Akwai, Keke Akwai, Saura Ruwa: Paraku, Jugu da Gasar Uku-a-Jere

Duk shekara idan Fabrairu ya kama, hunturu yana haramar tafiya, akwai safiyar da manyan titunan Paraku, a arewacin Benin, ke kuɓucewa daga hannun 'yan zemijan, wato masu acaɓa, da motocin dakon kaya su koma hannun masu gudu. Tun 2008 ake yin wannan gudun famfalaki da aka fi sani da Marathon Salésien, wanda limaman Katolika mabiya Saint François de Sales suka kafa bisa jagorancin Fada Guillaume Kambounon. Masu dogon numfashi su ɗauki cikakken zango, kilomita 42.195, wasu su tsaya a rabinsa, ɗalibai da ma'aikata da dattawa kuma su shiga na gajeren zango. A garin da Bariba, Dandawa, Fulani, Yarabawa da Hausawa ke cin kasuwa ɗaya a Arzeke, gasar da ta fito daga coci ta zama ta kowa da kowa.

Wanda ya kai ƙarshen kilomita 42 ɗin nan, in ya yi taƙama bai yi laifi ba. Sai dai akwai gasar da a cikinta wannan gudu ragowar aiki ne kawai. Kafin ɗan wasa ya ɗaura takalmin gudu, sai ya yi ninƙaya ta kilomita 3.8 a teku, ya fito jiƙe ya hau keke ya taka kilomita 180. Ita ce tirayatilon, gasar wasanni uku a jere, wadda agogonta ba ya tsayawa ko a lokacin da mutum ke sauya kaya.

Daga gardama zuwa Olamfik

Gasar a siffarta ta zamani ba ta tsufa ba. Ranar 25 ga Satumban 1974 ƙungiyar masu gudu ta birnin San Diyego a Amurka ta shirya ta farko, mutum 46 suka shiga. Bayan 'yan shekaru gardama ta kaure tsakanin 'yan wasa a tsibirin Owahu na Hawai: masu ninƙaya, masu keke da masu gudu, wa ya fi wani juriya? Wani hafsan sojan ruwa, John Collins, da matarsa Judy suka ce a haɗa manyan gasanni uku na tsibirin a rana ɗaya, a gani a ƙasa. Ranar 18 ga Fabrairun 1978 mutum 15 suka tsaya a bakin teku, 12 suka gama. Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin sa'a 11 da minti 46 da 'yan daƙiƙu. Haka gasar da ake kira Ironman ta samo asali, kuma a 1981 aka mayar da ita Kona, a babban tsibirin Hawai.

Ba kowace gasar uku-a-jere ce ke da wannan tsawo ba. Wadda ta shiga wasannin Olamfik a Sidni a 2000 ninƙaya ce ta kilomita 1.5, keke kilomita 40, gudu kilomita 10, kuma gwanaye maza kan gama ta ƙasa da sa'a biyu.

Tsibirin da dabba ke da doka

Me ke sa mutum ya kwance kekensa ya cusa a akwati, ya biya kuɗin jirgi zuwa tsakiyar Tekun Fasifik, alhali akwai titi a garinsu? Wurin ne ke kiransa. A Kona ana fara ninƙaya a wani lungun teku mai ruwa garai-garai, inda mai iyo ke hango kifaye masu launi da kunkurun teku a ƙarƙashinsa, wani lokaci har da garken dolfin, wato dabbar ruwan nan mai shayarwa da kan yi tsalle tana juyi a sama. Daga nan hanya ta ratsa baƙaƙen duwatsun da aman wuta ya bari, zuwa garin Hawi da dawowa, ga zafi na tasowa daga ƙasa, ga iska na bugun keke ta gefe.

Amma baƙon ba shi da ta cewa a gaban masu gida. Koren kunkurun teku yana ƙarƙashin kariyar dokar Amurka tun 1978, kuma hukumomi na shawartar kowa ya bar masa tazarar mita uku. Dolfin ɗin Hawai kuwa da dare yake farauta a zurfin teku, da rana ya shigo gaɓa ya huta. Da masu yawon buɗe ido suka matsa masa da iyo a lokacin barcinsa, hukumar kula da teku ta Amurka ta kafa doka a 2021: an haramta matsawa kusa da shi ƙasa da yadi 50, kimanin mita 45. Tun a jirgi ma ana sa fasinja ya bayyana duk wani tsiro, iri ko dabbar da ya ɗauko, domin tsibiran sun riga sun yi asarar tsuntsaye iri-iri saboda baƙin halittun da mutane suka shigo da su.

Hikimar a fili take. Ɗan wasan da ya zo irin wannan gasa ba ya zuwa ranar ya koma washegari. Yakan zo da iyali, ya kama masauki kwanaki, ya ci abinci, ya yi hayar mota. Idan dabbobin suka ƙaurace, kasuwar ta watse.

Abin da jiki ke gamuwa da shi

A gasar Fabrairun 1982 wata ɗaliba, Julie Moss, tana kan gaba a ɓangaren mata sai ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, saura 'yan mitoci. Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa. Kathleen McCartney ta wuce ta, ita kuma ta ƙarasa da rarrafe. Talabijin ya nuna wa Amurka wannan, kuma daga nan sunan gasar ya bazu.

Abin da ya same ta yana da bayani. Jiki na ajiye sukari a tsoka da hanta, wanda masana ke kira gilaikojin, kuma ajiyar ba ta wuce ta kalori dubu biyu ko kusa da haka. Kamar ƙaramin tankin babur ne a doguwar hanya: in ba a tsaya an ƙara ba, zai tsaya da kansa. Shi ya sa masu gudun famfalaki da dama ke jin ƙarfi ya yanke musu a wajajen kilomita 30, kuma shi ya sa ɗan uku-a-jere ke cin abinci yana bisa keke, domin a nan ne ciki ya fi karɓa.

Sai gumi. A zafi mai gudu na iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu cikin sa'a guda, tare da gishirin jiki. Ƙarancin ruwa na rage ƙarfi, kuma idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40 mutum ya fara rikicewa, ana maganar rai da mutuwa. Amma yawan shan ruwa zalla ma haɗari ne, don yana tsinka gishirin jini har ƙwaƙwalwa ta kumbura. Binciken da aka yi kan masu gudun Boston na 2002 ya gano kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka auna suna da wannan matsala. Magani shi ne a sha gwargwadon ƙishirwa, a haɗa da gishiri da sukari, kuma baƙo daga ƙasar sanyi ya ba jikinsa kwana goma zuwa mako biyu ya saba da zafi. A wannan fanni ɗan Paraku ko Jugu ya riga baƙon nisa.

Mafi haɗari kuwa shi ne zango mafi gajarta, wato ninƙaya. Wani bincike da aka buga a 2017 ya tattara mutuwa da tsayawar zuciya guda 135 a gasannin Amurka daga 1985 zuwa 2016, kuma 90 daga ciki a ruwa suka faru, akasari ga maza masu matsakaicin shekaru da dattawa, da yawansu suna ɗauke da ciwon zuciyar da ba su sani ba. Mai gudu in ya gaji yana iya zama a gefen titi. Mai ninƙaya a tsakiyar ɗaruruwan mutane sai an gan shi kafin a cece shi.

Abin da arewacin Benin ke da shi

Benin ba ƙasar tsibirai ba ce, kuma Paraku na nesa da Kwatano da teku fiye da kilomita 400. Duk da haka, biyu daga cikin wasannin uku sun riga sun zauna a arewa. Gudu na Paraku. Keke kuwa na da Tour du Bénin, tseren zagaye ƙasa da ya shiga jadawalin Afirka na hukumar keke ta duniya, UCI, wanda zangunansa kan biyo ta garuruwan arewa har da Jugu da Paraku. Mai zane Romuald Hazoumè, wanda duniya ta sani da fuskokin da yake ƙerawa daga jarkokin fetur, yana cikin waɗanda suka farfaɗo da shi a matsayinsa na shugaban hukumar keke ta ƙasar. Tsakanin Jugu da Paraku akwai kimanin kilomita 135 na titi, wato fiye da zangon keke na rabin Ironman, mai kilomita 90.

Doguwar tafiya ma ba baƙuwa ba ce a nan. Jugu ta bunƙasa ne a matsayin zangon fatake a hanyar goro tsakanin Kano da Salaga ta ƙasar Gwanja, inda ayarin madugai Hausawa ke sauke jakuna bayan makonni suna tafe a ƙasa.

Namun daji kuwa suna nan gaba kaɗan. Daga Jugu hanya ta haura Natitingu, ta ratsa duwatsun Atakora zuwa Tangiyeta, ƙofar gandun dajin Penjari. Akwai giwa, ɓauna, dorina, gwanki, damisa da zaki. UNESCO ta sanya Penjari cikin wuraren gado na duniya a 2017 tare da dazuzzukan W da Arli, waɗanda suka haɗa Benin, Nijar da Burkina Faso. Binciken ƙungiyar Panthera na 2014 ya kiyasta zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma kusan 400 ne kacal, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari suna cikin waɗannan dazuzzuka uku. Sauran 'yan ƙalilan ne a wurare irin su Yankari da Kainji. Daji irin wannan, da gonakin auduga da ƙauyuka suka kewaye, yana rayuwa ne a ware kamar yadda tsibiri ke yi, kuma abin da ya ɓace a cikinsa da wuya ya dawo.

Afirka ta riga ta gwada haɗa wasa da dawa. Tun 2000 ake gudun famfalaki a gandun Lewa na Kenya, cikin karkanda da jakin dawa, jami'an daji da bindigogi suna gadin hanya, jirgi mai saukar ungulu yana shawagi yana kora dabbobi daga gaban masu gudu. Kuɗin da ake tarawa na tafiya ga kare dajin da makarantu da asibitocin ƙauyukan gefensa. Ruwanda kuma, wadda ba ta da teku, ta karɓi rabin Ironman a 2022 a Rubabu, bakin tafkin Kibu.

Ruwa da tsaro

Inda gizo ke saƙa shi ne ruwa. Kogunan dawa na dorina da kada ne, kuma dorina ba ta raba ruwanta da kowa. Madatsar Okpara kuwa ita ke shayar da Paraku. Tafkuna da ƙoramu na yankin suna da wani maƙiyi da ido ba ya gani, wato tsargiya. Tsutsarta na girma a jikin ƙananan dodon-koɗi na ruwan daɗi, ta fito ta huda fatar mai wanka, bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini. Akwai magani, firazikwantel, amma ba mai shirya gasar da zai tura ɗaruruwan mutane ruwan da ba a auna ba. Ko Faransa ta ɗanɗana: bayan kashe kusan Yuro biliyan 1.4 wajen tsabtace kogin Sen, sai da aka ɗage gasar uku-a-jere ta maza ta Olamfik ɗin 2024 da kwana ɗaya saboda ƙwayoyin cuta sun yi yawa a ruwan.

Ba gwanayen iyo aka rasa a yankin ba. Wanda ya ga wasannin Kabanci a bikin kamun kifi na Argungu ya san akwai masu nutso da ninƙaya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wuraren ninƙaya masu tsabta da tsawon da doka ta tanada, da masu koyarwa, da masu ceto.

Sai tsaro. Ranar 1 ga Mayun 2019 aka sace Faransawa biyu masu yawon buɗe ido a Penjari, aka kashe jagoransu ɗan ƙasar, Fiacre Gbédji. An kuɓutar da su a Burkina Faso bayan kwanaki, sojojin Faransa biyu suka rasa rayukansu. A Fabrairun 2022 nakiyoyi suka kashe mutum tara a dajin W, cikinsu har da ma'aikatan African Parks, ƙungiyar da ke kula da Penjari tun 2017 da W tun 2020. A Afrilun 2025 gwamnati ta tabbatar da kashe sojojinta 54 a yankin W. Baƙon da ke zaɓen inda zai kai iyalinsa yana karanta irin waɗannan labarai kafin ya duba hoton zaki.

Akwai hanyar da ba ta jiran ruwa ko buɗe dawa. Hukumar tirayatilon ta duniya, wadda aka kafa a Abinyo ta Faransa a 1989, tana kula da ƙanwar gasar, duwatilon: gudu kilomita 10, keke kilomita 40, a sake gudu kilomita 5. Ba ta buƙatar komai sai titin da za a rufe na 'yan sa'o'i, motar asibiti, ruwan sha da masu tsaron mararraba. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da masu shirya gudun Paraku ke tanada kowane Fabrairu, kuma hukumar keke ke tanada duk lokacin da tseren ƙasa ya shigo Jugu.