Kwamfuta mai ƙwaƙwalwa biyu: aiki nawa za ta iya ɗauka a lokaci guda?

Matashin da ya saba da waya, yana sauraron waƙa yana kuma hira a WhatsApp, yakan zaci duk laftof ɗin da ya saya za ta fi wayarsa ƙarfi. Sai ya buɗe Chrome da Word da Zoom tare, kwamfutar ta tsaya cak ana tsakiyar darasi. Galibi furosesa ake ɗora wa laifi, musamman idan mai ƙwaƙwalwa biyu ce, wadda 'yan kasuwa ke kira dual-core. Sau da yawa kuwa ba ita ce mai laifin ba.

Ƙwaƙwalwa guda ta furosesa kamar mai shayi ɗaya ce a gaban mutum goma. Yana zuba wa wannan ruwan zafi, ya juya ya fasa wa wancan ƙwai, ya dawo ya yanka burodi. Haka Windows ke yi: tana ba kowace manhaja ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, sannan ta karɓe ta miƙa wa wata. Saurin juyawar ne ke sa a ga kamar komai na tafiya tare. Idan ƙwaƙwalwa biyu ce, masu shayin sun zama biyu, ayyuka biyu na gudana a tare da gaske.

Zafi ne ya kawo wannan tsarin. Pentium 4 ta Intel ta kai gudun 3.8GHz, amma wutar da take ci da zafin da take fitarwa sun hana a ƙara gaba. A 2005 Intel ta fitar da Pentium D, AMD kuma ta fitar da Athlon 64 X2, kowacce da ƙwaƙwalwa biyu, sai Core 2 Duo ta biyo baya a 2006. Wayoyi sun shigo sahu a 2011 da irin su Samsung Galaxy S II da iPhone 4S.

Sai dai ƙwaƙwalwa biyu ba ta ninka saurin kowane aiki. Manhajar da ba a rubuta ta yadda za ta raba aikinta ba, ƙwaƙwalwa ɗaya kawai za ta yi amfani da ita. Haka nan yawa ba shi ne ƙarfi ba: wayoyi masu araha da ke ɗauke da Helio P22 suna da ƙwaƙwalwa takwas, amma duka ƙanana ne da aka ƙera don tattalin batir.

Inda matsalar ta fi yawa shi ne RAM, wato teburin mai shayi. Idan RAM ta cika a Android, wayar na rufe manhajojin da ke baya ba tare da ta sanar ba, shi ya sa wani lokaci ake komawa Facebook a tarar ya fara daga farko. Windows ba ta rufewa. Kwashe abin da ya yi yawa take yi ta jibge a faifan ajiya. Idan tsohon faifai ne mai juyawa, furosesa za ta zauna tana jiran kaya daga sito. Chrome kuwa yana ware wa shafuka nasu kason RAM, don haka shafi ashirin sun isa su cinye 4GB.

Gane mai laifi ba shi da wuya. A danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager zai buɗe. Idan Memory ko Disk ne ke dab da kashi 100 alhali CPU na ƙasa, ƙara RAM zuwa 8GB da sa SSD sun fi sayen wata kwamfutar sauƙi. Idan CPU ce ta cika, kamar lokacin tace bidiyo ko gwada manhajar Android a kwamfuta, to an kai maƙurar ƙarfinta.

Mai shirin sayen ta hannu kada tambarin Core i7 ya ruɗe shi. i7-7500U ƙwaƙwalwa biyu gare ta, yayin da i5-8250U ke da huɗu. Wasu kuma suna nuna huɗu saboda Hyper-Threading, fasahar da ke sa kowace ƙwaƙwalwa ta riƙe layin aiki biyu. Adadin gaskiya yana gaban kalmar Cores a shafin Performance. Akwai kuma batun tsaro: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma yawancin furosesocin Intel da suka girmi zubi na 8 ba sa cikin jerin waɗanda Windows 11 ta amince da su.

Ga ɗalibin da aikinsa rubutu ne da bincike da darasi ta intanet, ƙwaƙwalwa biyu da RAM 8GB da SSD za su fitar da shi kunya. Mai son tace bidiyo ko wasanni masu nauyi, gara ya ƙara haƙuri ya tara kuɗin mai huɗu.