Shafin shago a kwamfutar ɗaki: idan kamfanin intanet ya rufe ƙofa

Yawancinmu a WhatsApp da Facebook muke baje kaya. Amma ranar da aka rufe maka lamba, ko wayar ta faɗa ruwa, hotunan kaya da farashinsu sun tafi ke nan. Shi ya sa 'yan kasuwa da dama a zangunanmu suke son shafin kansu, wasu ma a kan tsohuwar kwamfutar da ke ajiye a ɗaki. Ni ma nawa shafin, na shadda da atamfa, a ɗakina yake a Kumasi.

Ɗora shafin ba wuya. Wuyar ita ce mutumin Yamai ko Wagadugu ya iya buɗe shi. A cikin gida yana buɗewa sarai, ka fita waje ka gwada, shiru.

Kowace kwamfuta da ke kan intanet tana da adireshi, kuma a adireshin akwai ƙofofi masu lamba. Shafuka ta ƙofa ta 80 da ta 443 ake shigar musu, imel kuma yana bi ta 25. Kamfanoni da yawa suna toshe waɗannan ƙofofi ga layukan gida. Ta 25 kam ban ga laifinsu ba, don ta nan 'yan damfara ke watsa saƙonnin banza. Sauran kuwa, har da son ka sayi layin ofis mai tsada.

Amma mu da ke amfani da sim a cikin na'urar rarraba intanet, matsalarmu ta wuce ƙofa ɗaya. Tsofaffin adireshi, waɗanda ake kira IPv4, kusan biliyan 4.3 ne duk duniya, kuma babban rumbunsu ya ƙare tun 2011. Sai kamfanonin waya suka koma haɗa mutane masu yawa a kan adireshi guda, tsarin da ake kira CGNAT. Ka ɗauka gidan haya ne irin na zango: ɗaki arba'in, zaure ɗaya, ba suna a jikin ƙofar kowa. Idan kai ka aiki yaro, ya san ɗakin da zai dawo da saƙo. Idan baƙo ne ya zo daga waje, a zaure zai tsaya, ba wanda zai nuna masa ɗakinka. Ko sau nawa ka shiga saitin na'urarka ka buɗe ƙofa ta 80, aikin banza ne, don zauren ba naka ba ne.

Ganewa da sauƙi. Shiga shafin saitin na'urar ka duba adireshin da kamfani ya ba ta. Idan ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya sha bamban da wanda intanet ke nuna maka a matsayin adireshinka, to kana gidan haya. Ɗan ƙanwata, wanda ke karatun kwamfuta, shi ya duba min nawa, ya ce: "Kawu, ai ba ƙofa aka rufe maka ba, gidan ne ba naka ba. Sai dai mu fita mu taro baƙin."

Abin da yake nufi ke nan: tunda fita ba a hana ba, kwamfutarka ce za ta fita ta ƙulla hanya da wata babbar kwamfuta a waje, ta riƙe hanyar a buɗe. Mai neman shafinka can zai sauka, a turo shi ta wannan hanya har ɗakinka. Cloudflare Tunnel haka yake aiki, kuma kyauta ne, sai dai ka sayi sunan shafi, wajen dala 10 zuwa 15 a shekara, ka damƙa musu kula da shi. Wanda ba ya son dogaro da su zai iya hayar ƙaramar kwamfuta a waje, wajen dala 5 a wata, ya haɗa ta da ta gida ta WireGuard. Shi kuma DuckDNS da ire-irensa, da yara ke yawan ambata, maganin adireshi mai sauyawa ne kawai. Ba ya fitar da kai daga gidan haya.

Saura wuta. Kwamfutar ɗaki tana mutuwa idan aka ɗauke wuta, shafin ma ya bi ta, kuma kowane hoto da baƙo ya buɗe daga datarka yake fita. Tsohuwar laftof ta fi dacewa, don batirinta na riƙe ta na ɗan lokaci. Raspberry Pi ma cin wutarsa kaɗan ne, ƙaramar sola ta ishe shi. A rage nauyin hotuna kafin a ɗora.

Ra'ayina, idan hotuna da farashi da lambar shago kawai kake son nunawa, GitHub Pages zai riƙe maka su kyauta, ba ruwanka da wuta. Na gida ya fi amfani ga wanda ke sauya kaya kullum kuma yake da yaro mai kula da shi. Littafin bashi kuwa, da lambobin abokan ciniki, da hotunan iyali, kada su kwana a kwamfutar da aka buɗe wa duniya. Nawa suna wata daban, wadda ni da ƙanena da ke Kano kaɗai muke shiga ta Tailscale.