HUTUN KWANA UKU BISA KEKE: ABIN DA ƘASAR AREWA ZA TA KOYA DAGA TSIBIRIN MAYORKA

A cikin tekun Bahar Rum, wanda ya raba Afirka da Turai, akwai wani tsibiri na ƙasar Ispaniya da ake kira Mayorka. Girmansa murabba'in kilomita 3.640 ne, watau bai kai kashi ɗaya cikin takwas na jahar Doso ba. Duk da haka, kowace shekara daga watan Fabrairu zuwa Mayu, dubban ma'aikata daga Jamus da Ingila da sauran ƙasashen sanyi suna zuwa can hutun kwana uku ko mako guda, suna zagaya tsibirin bisa keke.

Abin da suke nema

Da safe sukan yi tafiyar kilomita 50 ko 80 cikin duwatsu da gonakin zaitun da na lemu. Da rana su sauka a wani ƙauye su ci abincin mutanen wurin: burodi da aka goga wa tumatir aka zuba wa man zaitun, ko kifi gasasshe, ko soyayyen gauta da tattasai da kwambitar. Wannan cima ba ta masu hali ba ce, abincin manoma ne da masunta. Amma a shekarar 2010 hukumar UNESCO ta sa cimar mutanen Bahar Rum cikin abubuwan gado na duniya da ya kamata a kiyaye. A wannan shekara ce kuma aka fara tseren keke na kilomita 312 a tsibirin, wanda ya ƙara masa suna.

Amfanin abin a fili yake. Watannin da mahaya keke ke zuwa, ruwan teku na da sanyi, masu zuwa wanka ba su iso ba, masaukai da yawa da sun kasance a rufe. Sa'an nan mai mota yakan wuce ƙauye goma bai tsaya ba, bai bar musu kome ba sai ƙura. Mai keke kuwa yunwa da ƙishirwa na tsai da shi. Saboda haka kuɗinsa suna shiga hannun mai gidan abinci da mai lambu da mai gyaran keke na ƙauye.

Al'adar ta daɗe a Turai. A shekarar 1936 gwamnatin Faransa ta ba ma'aikata hutun mako biyu tare da albashi. Da yake yawancinsu ba su da mota, da yawa sun hau keke suka fita ganin ƙasarsu.

Mu fa?

Ma'aikacin gwamnati a Nijar yana da hutunsa na shekara. Sau da yawa hutun kan ƙare a Yamai, tsakanin inuwar ƙofar gida da tukunyar shayi. Akwai malamin lakwal da ke koya wa yara labarin Sarauniya Mangu, bai taɓa taka Lugu ba. Akwai ma'aikacin da ke rubuta rahoto bisa lambunan rani, bai taɓa jan guga a bakin rijiyar lambu ba. Wani kuma yana ganin hawa keke zubar da girma ne, tun da babur ya zo. Alhali gani ya kori ji, kuma ƙasar Arewa na da abubuwa uku da irin wannan hutu ke bukata: hanya, da tarihi, da abinci.

Daga Yamai zuwa Dogon Dutsi kimanin kilomita 275 ne bisa babbar hanyar kwalta mai lamba 1, ta Doso. Ana ɗora keke bisa mota har can. Garin yana cikin Dallol Mawri, tsohon kwarin kogi mai faɗi, inda ruwa ke kusa da bisa, itatuwan gawo na ba da inuwa. Ƙasar shimfiɗe take, sai duwatsu jajaye a gefe.

Rana ta fari ta gari ce. Da sassafe a hau dutsen Tozon Bijini a ga gari da kwarin duka. Da hantsi a gangara lambunan Tapkin Sau, inda ake noman kwambitar da ya yi wa Dogon Dutsi suna, tare da salati da tumatir da kabeji.

Rana ta biyu a nufi arewa zuwa Matankari, tsohuwar cibiyar sarautar Arewa, tafiyar kimanin sa'a guda da rabi. Mai ƙarfin ƙafa da isasshen lokaci yana iya zarcewa Bagaji, garin Baura, da Lugu, inda Sarauniya Mangu ta tari rundunar Bule da Shanuwan a watan Afrilu na 1899. Abdullahi Mamani ya rubuta littafi bisa wannan yaƙi a 1980, Med Hondo kuma ya mai da shi silima a 1986. Wannan hanya tana da rairayi, wani wuri sai an sauka an tura keke, kuma wanda ya je Lugu sai ya ƙara kwana. Ba a shiga irin waɗannan garuruwa sai da sallama da neman izinin masu gari.

Rana ta uku a bi kwalta kudu zuwa Kore Mairuwa, daga nan a ratse zuwa Tibiri, garin Samna, wanda ya zama gunduma mai zaman kanta a 2011.

Abincin hanya

Wanda ya tuƙa keke sa'a uku ba ya raina akushi. Da safe akwai ƙosai da kunu, ko masa da zafinta. Da rana fura da nonon Fulani, wadda ke kashe yunwa da ƙishirwa gaba ɗaya, kuma ba ta nauyaya ciki. Akwai dambu da kwaɗon zogala da ƙuli-ƙuli, akwai wake da man gujiya. Da dare tuwon hatsi da miyar kuka ko kuɓewa, in an yi sa'a da naman zabo. Rake da rogo da dankali na fadamun kudancin Dallol suna isa guzuri. Hatsi, da wake, da ganye, da mai kaɗan, da nama jefi-jefi: in aka duba, ba su yi nisa da tsarin cimar da Turawa ke biyan jirgi su je ci ba. Bambancin shi ne su sun ɗauki tasu da daraja.

Shawarwari

Lokacin da ya dace shi ne ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an kai amfanin gona gida, lambuna kuma sun yi kore. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, tafiyar keke da rana haɗari ce. A tashi bayan asuba, a sauka kafin rana ta take. A riƙe ruwa mai tsabta isasshe, da famfo da kayan faci, don ƙaya ba ta da wuya a wannan ƙasa. Bisa kwalta a bi gefen dama sosai, a bar wa manyan motoci hanya, kada a yi tafiyar dare. A tafi mutum uku ko huɗu.

Abu mafi girma shi ne tsaro. A shekarun nan wasu sassa na gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri sun fuskanci hare-haren ƴan bindiga. Kafin a fita gari, wajibi ne a tambayi hukuma da jandarma da sarakuna. Hanyar da suka hana, a bar ta har Allah ya kawo sauƙi. Ko cikin gari da kewayensa akwai abin gani na kwana biyu.

Kira

Ba sai mun jira baƙi daga Turai ba. Magadan gari suna iya tsara ɗakin baƙi mai tsabta, ƙungiyoyin mata su riƙe dafa abinci, samari su koyi tarihin garinsu daga bakin tsofaffi don su yi wa baƙo jagora. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci suna iya rubuta sunayen garuruwa da nisansu bisa alluna da Hausa. Ma'aikaci kuwa, in ya ware kwana uku cikin hutunsa, zai koma ofis da lafiyar jiki, da sanin mutanen da yake yi wa aiki, ya kuma bar ƴan dalolinsa a hannun talakan da ya ciyar da shi. Tafiya mabuɗin ilimi ce. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa mu ga ranar da za a bi waɗannan hanyoyi ba da fargaba ba.