Fam miliyan 10 a kan tambaya guda: shin motar ce, ko wata ce?

A watan Yuli na shekara ta 1990, babbar kotun birnin Landan ta yanke hukunci a kan wata shari'a wadda babu kisa a cikinta, babu gado, babu rikicin gona. Mota ce guda, tsohuwa, ƙirar Bentley, wadda Turawan Ingila suka yi wa laƙabi da Old Number One, watau tsohuwa mai lamba ɗaya. Mai ita, Edward Hubbard, ya ƙulla ciniki da kamfanin Middlebridge a kan fam miliyan 10, kusan miliyar 5 ke nan na sefa ta wancan zamani, kafin karyewar darajar kuɗin a 1994. Bayan an shirya, sai masu saye suka ja da baya. Hujjarsu ita ce, motar da aka nuna masu ba ita ce wadda ta yi suna ba. Gyare-gyare sun cinye ta, saura suna kawai.

Maganar tasu ba ta banza ba ce. An ƙera motar a 1929, da lambar shasi LB2332 da inji mai silinda 6. A shekarar nan ta ci tseren awa 24 na garin Le Mans a Faransa ɗauke da lamba 1, inda laƙabin ya samo asali, ta kuma sake ci a 1930. Duka biyun attajirin nan Woolf Barnato, shugaban kamfanin Bentley, yana cikin masu tuƙinta. Da kamfanin ya karye a 1931 har Rolls-Royce ya saye shi, Barnato ya riƙe motar, ya damƙa ta ga makanikinsa Walter Hassan. To, nan ne aka fara taɓa ƙashin bayanta. A 1932 Hassan ya ɗora ta a kan wani shasi dabam, daga baya aka sa mata inji mai lita 8 a madadin nata mai lita 6 da rabi. A watan Satumba na shekarar, a filin tsere na Brooklands, ta ƙwace wa direbanta Clive Dunfee, ta tsallake gaɓar hanya, ya mutu nan take. Aka tattara abin da ya saura, aka sake gina ta da rufaffen jiki, ta koma motar hawa.

Mai karatu ya lissafa da kansa: shasi ya canza, inji ya canza, jiki ya canza ba sau ɗaya ba. Mene ne ya rage?

Wannan tambaya ce ke gaban duk mai son maido da tsohuwar mota yadda take a da, kuma ba a amsa ta da rantsuwa. Kafin a kwance ƙusa ɗaya, gwanayen aikin sukan fara da takardu: littafin gyara na kamfani, kart-giris da sunayen waɗanda suka mallake ta, rasiɗan garaji, tsofaffin hotuna. Sannan su koma ga ƙarfen kansa, don shi ba ya mantuwa. Akan kankare fenti a wani lungu a ƙirga hawa nawa aka shafa, da launin da ke ƙasa duka. Akan bi jiki da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, mastik ne aka cike wani rami da shi, kuma rami ba ya zuwa haka nan. Waldar masana'anta jere take a tsare, ta garaji kuwa hannun mutum a bayyane yake a cikinta. Lambobin da aka buga a shasi da inji da akwatin giya, akan gwada su da na littafi, a dubi siffar haruffan, a shafa a ji ko an goge wurin an sake bugawa. Mai gaugawa da ya wanke ƙarfe tas kafin ya ɗauki hoto ya rubuta abin da ya gani, ya share shaidar da ba za ta dawo ba. Wannan kuskure ya fi tsatsa ɓarna.

A shari'ar Landan an yi sa'ar da ba kasafai ake samu ba: makanikin yana raye. Walter Hassan, mai shekara 85 a lokacin, wanda bayan Bentley ya yi suna wajen ƙera injunan Jaguar, ya zo ya ba da shaida a kan aikin da hannunsa ya yi shekara 58 da suka shige. Abin da ya fito daga bayaninsa shi ne, ba a taɓa jefar da wata mota aka ƙera sabuwa ba. Mota guda ce ake ta yi wa gyara don tsere na gaba, ana ɗauke kayan da suka saura ana maidawa, kuma mai ita bai daina ɗaukarta a matsayin Old Number One ba.

Alƙali Otton ya bi wannan zare. Bai ce motar tana nan yadda ta ci tseren 1929 ba. Wannan kam ba mai iya faɗa. Ya dogara ne ga tarihi marar yankewa: kowane canji an san wanda ya yi shi, da lokacin, da dalilin, kuma babu wata mota a duniya da ke da'awar sunan. Ya ba Hubbard gaskiya. Masana motoci sun daɗe suna gardama a kan hukuncin, wasu na ganin ya buɗe ƙofa ga masu ɗaukar lamba su gina mota a kewayenta. Tsoron yana da tushe, sai dai alƙalin bai auna lamba ita kaɗai ba, jerin shaidu ya auna.

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke da tsohuwar Peugeot 404 ko 504 a jingine cikin gida, irin waɗanda Turawa suka riƙa ƙetaro Sahara da su ta Tamanrasset da Arlit suna saidawa a shekarun 1970 da 1980, ko waɗanda aka harhaɗa a Kaduna tun daga 1975, ba zai ga fam miliyan 10 ba. Amma matsalarsa iri ɗaya ce. Agogon tafiya mai gurbi biyar yakan koma sifiri bayan kilomita 99.999, injin kuwa mai yiwuwa na uku ne, an ciro shi daga wata da ta yi haɗari. Takardar duwan da tsohuwar kart-giris suna cikin wata akwati, makanikin da ya sauke injin farko kuma ya tsufa a Maraɗi ko Damagaram, babu wanda ya taɓa zama da shi da alƙalami.