Shin Ko Kun San? Injin Jif Da Zai Jure Hanyar Gusau

Shin ko kun san cewa babbar jif ɗin Lexus LX470 da Land Cruiser samfurin 100 mai silinda takwas, waɗanda aka ƙera daga 1998 zuwa 2007, inji ɗaya ne a cikinsu? Sunansa 2UZ-FE, mai silinda takwas, lita 4.7. Shi ne kuma a cikin GX470 ta 2003 zuwa 2009. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, shi ya sa yake da nauyi, shi ya sa kuma yake shanye zafi ba ya murɗewa da wuri. A 2016 wata Tundra ƙirar 2007 mai irin wannan inji ta cika mil miliyan ɗaya a hannun wani direba a Amurka, har kamfanin Toyota ya karɓe ta ya ba shi sabuwa don ya kwance tsohuwar ya ga abin da ya ci a ciki.

Shin ko kun san cewa wannan jarumin yana da lagonsa? Bel ne ke haɗa juyin sama da na ƙasa a cikinsa, kuma ana son a canja shi duk bayan mil 90,000, wato wajen kilomita 145,000. Idan ya tsinke ana cikin gudu, zai iya lanƙwasa bawul, aiki ya koma na sauke kan inji. Mai saye ya ɗaga bonet ya nemi 'yar takardar da ake liƙawa bayan an canja bel ɗin. In babu ita, ya ɗauka ba a taɓa canjawa ba, ya sa kuɗin bel da famfon ruwa cikin cinikin. Ya kuma matsa a tayar masa da motar da sassafe, inji na sanyi: in ya ji ƙas-ƙas-ƙas da ke ɗaukewa bayan minti biyu, galibi bakin salansa ne ya tsage, ciwon da aka san injin da shi. Kuma kik-sitata ɗinsa a tsakiyar inji yake, ƙarƙashin bututun shigar iska, don haka ranar da ya mutu bakanike zai wuni a kansa.

Shin ko kun san LX570, wadda ta fito daga 2008 zuwa 2021, ta rabu da bel ta koma sarƙa? Injinta 3UR-FE ne, lita 5.7, ƙarfin doki 383. GX460 ma sarƙa gare ta, a inji mai lita 4.6. Abin dubawa a nan shi ne yoyo: tsattsafin baƙin mai a saman inji, da busasshen ruwan sanyaya inji mai launin hoda da ke taruwa ta bayan injin, kusa da giyabos.

Shin ko kun san a wurin jan kaya giyabos ne ke fara jin jiki kafin inji? A Gusau ba a jan kwale-kwalen shaƙatawa kamar yadda ake yi a Turai. Abin da ake ɗaurawa a bayan jif shi ne tankin ruwa zuwa gona ko wurin gini, janareto, injin casar masara, 'yar tirelar taki, sai kuma wanda ya fi yawa, motar ɗan'uwa da ta mace a hanya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 2,000 tan biyu ke nan, ba a sa nauyin ƙarfen da ke ɗauke da shi ba. GX460 an ba ta iznin jan wajen kilo 2,950, Land Cruiser 200 kuwa a Turai kilo 3,500, amma duka wannan lissafin na tirela ce mai birkin kanta. Wadda ba ta da birki, irin wadda mai walda ya haɗa a unguwa, dokar Turai ba ta yarda ta wuce kilo 750 ba. Ku ɗauki wannan nauyi ku hau titin Tsafe da shi a watan Afrilu, rana na dukan digiri 40, ku wuce gindin dutsen Kwatarkwashi da eyakwandishan a kunne, man giya zai yi zafin da zai fara ƙonewa. Yawancin waɗannan motoci na bayan tsakiyar shekarun 2000 ba su da sandar auna man giya, don haka mai mota ba ya gani, ba ya sansanawa, sai ranar da giya ta fara fizga.

Shin ko kun san ja da igiya na iya kashe motar da ake ja? Jif mai giya otomatik, wadda tayoyinta huɗu ke ja koyaushe, famfon man giyarta ba ya aiki sai inji na tashe. In aka ja ta daga Bungudu zuwa gareji a Gusau tayoyi na birgima inji a kashe, haƙoran ciki juyawa suke yi babu isasshen mai. An je gyaran famfon fetur, a dawo da mataccen giyabos. Ɗora ta a bayan babbar mota ya fi arha.

Shin ko kun san cire tamostat ba ya sanyaya inji kamar yadda ake faɗa a gareji? "Alhaji, wannan na ƙasar sanyi ne, a cire kawai," in ji oga. Na Toyota yakan buɗe ne a wajen digiri 82, kuma yana da wani ɗan faifai a gindinsa da ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji. In aka cire shi, wani kaso na ruwan zai riƙa kewayawa bai shiga lagireto ba. A ƙara da ruwan rijiya maimakon ruwan sanyaya inji na ainihi, sai tsatsa da gishiri su toshe hanyoyin. A ganina, jif ɗin da aka cire wa tamostat tana ba da labarin wani zafi da ta taɓa yi ne, kuma mai sayarwa ba zai faɗa maka ba.

Shin ko kun san injin gas na zamani ya fi na fetur tsirfa? Tsohon 1HZ mai lita 4.2 da ke cikin Land Cruiser 70, irin ta ƙungiyoyin agaji, ba ya zaɓen mai sosai. Amma 1VD mai silinda takwas da turbo, lita 4.5, nozul ɗinsa ba ya haƙuri da gas mai ruwa ko datti, kuma ƙurar hunturu da ta tsallake matatar iska takan cinye turbo. Yana ja kamar ba gobe, ga tsimin mai, sai dai mai shi ya san gidan man da yake sha.

Shin ko kun san alatu na Turai arharsa a wurin saye take kawai? Injin BMW N63 da ya fito a 2008 turbo biyunsa a tsakiyar inji suke zaune, wurin da zafi ya fi taruwa, ya kuma yi suna wajen shan baƙin mai har kamfanin ya fito da shirin gyara na musamman a 2014. Range Rover mai lita 5.0 ta farkon shekarun 2010 an san ta da lalacewar madogaran sarƙa, mai gas ɗin lita 3.0 kuma da karyewar karanshaf. Mercedes GL mai gas tana yoyon mai daga can tsakiyar inji. Duk ana gyara su. Tambayar ita ce a ina, da wace kwamfuta, kuma mako nawa motar za ta yi a kan duwatsu. Kayan Toyota kuwa, in babu a Gusau, a kira Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a sa a motar haya. Kuma duk wanda ke bin hanyar Funtuwa zuwa Tsafe ya san tsayuwar mota a daji da yamma ba maganar kuɗi ba ce kaɗai.

Kada a ce Toyota ba ta kuskure. A 2024 ta janye motoci kusan 102,000 a Amurka, Tundra da LX600 masu sabon inji mai turbo biyu, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a cikin injin tun daga masana'anta.

Shin ko kun san lambar da ke gaban sitiyarin 'yar Beljiyam ɗin da ta fito daga Amurka mil ce? In kun ga 150,000, to wajen kilomita 240,000 ta ci. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 da ke ƙasan gilashin gaba za ta iya nuna muku a intanet ko motar ta bi ta gwanjon motocin haɗari, ko ta sha ambaliya irin wadda guguwar Harvey ta yi a Houston a 2017. A ɗaga kafet, a leƙa ƙarfen kujera ko akwai tsatsa da laka. A duba takardar kwastan ma, tunda a Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa.

Shin ko kun san LX570 tana shan wajen lita 17 a kilomita 100, ba ta ja komai ba? Zuwa Sakkwato ta Bungudu da Talata Mafara da dawowa zai ci kusan lita 70, daga tanki mai lita 93. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan lissafin ne ya tura wasu ga Prado mai lita 2.7. Ita kuwa silinda huɗu gare ta a ƙarƙashin jiki mai nauyin tan biyu, in aka ɗaura mata tankin ruwa sai ta yi ta kuka a ƙaramar giya, man da aka gudu ta shanye shi. Mai son Prado da zai ja kaya ya nemi mai lita 4.0, silinda shida.