Gargaɗi ga masu kifin ado: kada a zubar da tsohon soson filta

Jama'a masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi, a falo ne ko a shago ko a ofis, a saurara da kyau. Sau da yawa ba cuta ce ke kashe kifin nan ba, tsabtar mai su ce. Mutum ya ga ruwa ya ɗan yi duhu, ya buɗe filta, ya tarar soso ya yi baƙi yana yauƙi, sai ya jefar da shi ya sa sabo, ko ya kai shi bakin famfo ya dirje. Ruwa ya yi garau. Bayan kwana biyu ko uku sai kifi ya taru a saman ruwa yana haki, wurin numfashinsa a gefen kai ya yi ja, abinci ma ya ƙi kallo. Daga nan sai kwasar gawa.

Wannan yauƙin da kuke ƙyama, shi ke riƙe da ran kifin. Kifi na fitar da amoniya, haka ma kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe. Amoniya guba ce, kuma ba ta da launi, don haka ruwa zai iya zama tas a ido alhali yana ƙona kifi. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune cikin soso su ke mayar da ita naitirayit, wasu kuma su mayar da naitirayit zuwa naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce. Naitirayit ɗin ma mugu ne, yana hana jinin kifi ɗaukar iska. Kafin waɗannan ƙwayoyi su kafu a sabon soso ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. Kulorin ɗin ruwan famfo kuwa yana hallaka su. Zafi na ƙara wa amoniya dafi, shi ya sa Maris da Afrilu suka fi hatsari a wajenmu.

Saboda haka, in soso ya toshe, a ɗebi ruwa daga cikin akwatin a bokiti, a matse shi a ciki sau kaɗan, a mayar. Ba sabulu, ba ruwan zafi, ba shanya a rana. In ya ragargaje dole a sauya, a sauya rabi, sauran rabin ya jira wasu makonni.

Game da abin da za a sa a filta, jerin yana da muhimmanci. Ruwa ya fara bi ta soso mai manyan ƙofofi, sannan farar audugar roba mai kama ƙananan datti, sannan zobban yumɓu inda ƙwayoyin ke zama. Audugar ita ce za a iya zubarwa ba fargaba, kuma ita ce ta fi sa ruwa ya yi haske. Zobban kuwa ana shekaru ba a sauya su ba.

A guji soson wanke-wanke na kicin da gutsuren katifa, domin ana zuba wa wasunsu sinadarai tun daga masana'anta. A guji gawayin girki. Ba shi ne gawayin filta da aka sarrafa ba, aikinsa bai kai ba, ga toka, wani lokacin ga kalanzir. Shi kansa gawayin filta na gaske ƙarfinsa na ƙarewa cikin wata guda ko ƙasa da haka, kuma in ana ba kifi magani a ruwa to a cire shi, don zai tsotse maganin. Ni a ganina yawancin akwatuna ba sa ma buƙatarsa kullum, sai dai don cire wari ko launin da itacen ado ke saki. Mai amfani da duwatsun ziyolayit masu kama amoniya kada ya kuskura ya zuba gishiri a ruwan, domin gishiri na sa su saki abin da suka kama.

Ruwan da ya yi fari kamar an ɗiga madara a sabon akwati ba ya buƙatar sauya komai a filta. A rage abinci, a yi haƙuri, zai washe. Koren ruwa kuma gansakuka ce, maganinta a janye akwatin daga hasken taga a rage awoyin fitila.

Sai batun ɗauke wuta, wanda ba baƙonmu ba ne. Ƙwayoyin nan da iska suke rayuwa. In rufaffiyar filta ta tsaya awoyi da yawa sai su fara mutuwa, ruwan cikinta ya lalace, da an kawo wuta ta amayar da shi kan kifi. In wuta ta daɗe, a cire filogi, a fito da soso da zobban a tsoma su cikin akwatin. Kafin a sake kunnawa a zubar da ruwan da ya kwanta a ciki, musamman in yana warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Wanda ya riga ya zubar da sosonsa, yau ɗin nan ya sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan, da ruwan da aka ɗiga wa maganin cire kulorin, ya maimaita gobe da jibi. Ya dakatar da abinci kwana biyu, kada ya ƙara sabon kifi. Ya nemi guntun tsohon soso daga akwatin wani mai lafiyayyen kifi ya cusa a filtarsa. In zai samu abin gwajin ruwa ya saya: amoniya da naitirayit su nuna sifili kafin ya koma ciyarwa yadda ya saba.