Aikin Injiniyoyi Masu Sa Ido kan Girgizar Ƙasa

A watan Satumba na shekarar 2016, ƙasa ta motsa a garin Kwoi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jaba a Jihar Kaduna, har bangayen gidaje suka tsattsage. A Satumbar 2018 kuma mazauna Mpape a Abuja suka ji irin wannan motsi, ya kuma maimaitu a 2024. Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da manyan girgizar ƙasa ke addaba, amma waɗannan al'amura sun nuna cewa ba ta kuɓuta gaba ɗaya ba. Shi ya sa yake da muhimmanci jama'a da shugabanninsu su san aikin injiniyoyin da ke auna motsin ƙasa.

Inda ake aikin

A garin Toro na Jihar Bauchi akwai cibiyar nazarin siffar ƙasa da motsinta, ƙarƙashin Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, NASRDA. Domin wannan aiki an kafa tashoshin auna girgiza a wurare kamar Toro da Kaduna da Ile-Ife da Nsukka. A kowace tasha ana girka na'ura a kan dutse mai tushe, nesa da titin manyan motoci da injinan niƙa, domin tana jin motsin da ɗan'adam ba ya ji. Injiniya ne ke zaɓar wurin, ya girka na'urar, ya kula da batir da farantin sola, ya kuma tabbatar agogonta yana daidai da na tauraron ɗan'adam, saboda kuskuren daƙiƙa guda yana iya karkatar da lissafi da kilomita da dama.

Yadda ake gano tushen girgiza

Idan dutse ya tsage a ƙarƙashin ƙasa, kaɗawa iri biyu ce ke ratsa cikin ƙasar. Ta farko tana tafiyar kimanin kilomita 6 a daƙiƙa, ta biyu kuwa kimanin kilomita 3.5. Injiniya yana duba tazarar lokacin da ke tsakanin isowarsu, ya ninka daƙiƙun da 8. Idan tazarar daƙiƙa 10 ce, girgizar ta taso daga nisan wajen kilomita 80. Tasha ɗaya nisa take bayarwa. Sai an haɗa bayanan aƙalla tashoshi uku a kwamfuta kafin a tsayar da wurin a taswira.

Daga nan sai auna ƙarfi. Ƙarin maki ɗaya a ma'auni yana nufin ƙarfin da ya fita ya ninka kusan sau 32. Saboda haka motsi mai maki 3, wanda bai cika wuce kaɗa tagogi da kwanuka ba, ya yi nesa ƙwarai da girgizar mai maki 7.8 da ta auka wa Turkiyya da Siriya a ranar 6 ga Fabrairun 2023, wadda ta hallaka mutane fiye da 50,000.

Wani aikin kuma shi ne rarrabe girgiza ta asali da fashewar nakiyar masu fasa dutse. Nakiya a saman ƙasa take tashi, galibi da rana a lokacin aiki, kuma zanen da take bari a na'ura daban ne.

Abin da ba ya cikin ikonsu

Har yau babu masanin da ke iya faɗar rana da sa'ar da girgiza za ta auku. Duk saƙon da ya ambaci rana, jita-jita ce. Amfanin bayanan da ake tarawa shekara da shekaru shi ne nuna yankunan da ke da tsagar dutse a ƙarƙashi, domin a yi la'akari da su wajen gina madatsun ruwa da gadoji da asibitoci da makarantu.

Gudummawar al'umma

Tashoshin ba su da yawa, don haka shaidar mazauna wuri tana da daraja. Idan an ji motsi, ana roƙon masu unguwanni da dagatai da hakimai su rubuta rana da lokaci, da ko an ji ruri, da irin ginin da ya tsage, su miƙa wa ƙaramar hukuma da Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Jiha. Wanda motsi ya same shi a ɗaki ya durƙusa ya kare kansa ƙarƙashin tebur mai ƙarfi. Wanda ke waje ya nisanci katanga da turakun lantarki. Kada a koma ɗakin da ya tsage sai an duba shi.

Haka kuma, kare kayan tasha nauyi ne na kowa. Batir ɗaya da aka sace yana iya rufe tasha, kuma motsin da ya wuce ba a auna ba, ba za a sake samunsa ba.